Jirgin da Aka Saya da Sunan Ɗana

Madina ba ta da teku. Baƙin dutse ne gabas da yamma, dabino a tsakiya. A unguwar Harra ta Gabas aka haife ni, a nan na yi aure, daga nan aka ɗauki mijina zuwa makwancinsa, kuma duk tsawon rayuwata ban taɓa ganin mai hankalin da ya kwana da tunanin jirgin ruwa ba, sai da Allah ya haɗa ni da suruki.

'Ya'yana biyu ne suka rayu. Babban namiji ne, ɗan fari, yana aiki a filin jirgin sama, yana lodin jakunkunan alhazai. Mutum ne mai sanyi, ko yaro ya taka shi, shi zai ce a yi haƙuri. Ƙanwarsa kuwa ta auri wani mai haɗa magani a asibiti, wanda ya zo daga Najeriya da tabarau da turare mai hawa kai. Ana ce masa Dakta, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Suka kama gida a unguwar Azizya, inda ƙofar gida ma sai an danna mata lamba take buɗewa.

Ni a gidan kunya aka rene ni. Uwata ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, ni ma ban taɓa kiran na ɗan farina ba. In ina nemansa sai in ce, kai, ko in ce a kira mini wannan. Ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ban taɓa tsaya masa a rigima ba, ko yana da gaskiya. Suruki kuma ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci a gabansa. In ya zo gaisuwa ya tsaya daga bakin ƙofa, ni ina bayan labule, mu gaisa, ya tafi. Matan unguwarmu da yawa sun zubar da wannan, suna zama da mazan 'ya'yansu a faranti ɗaya suna kallon talabijin. Ni ban zubar ba, kuma har gobe ba na ganin wadda ta fi ni tarbiyya a layinmu. Mutumin nan ya lura da haka tun farko, ya ajiye abin a ransa kamar yadda ake ajiye makullin gidan wani.

Wata Juma'a surukin ya zo shi da 'yata. Ya zauna a ɗakin baƙi da babban, ni ina ɗakin girki, bango ɗaya ne tsakaninmu. Na ji yana ta zuba, wai abokan aikinsa Larabawa kowa na da jirgin shan iska a Yanbu, ranar hutu su tafi teku su kama kifi, wai aiki ya yi masa yawa, likita ma ya ce yana bukatar iskar teku, don haka shi ma zai sayi nasa. Shi da kansa ya rubuta wa kansa wannan magani, na sani. Sai ya sauke murya.

"Yaya, matsalar ɗaya ce. Ni baƙo ne, da iƙama, takardar izinin zama, nake zaune, takarduna za su yi ta yawo. Kai kuwa ɗan ƙasa ne. A sa sunanka kawai, lasisin ma ka karɓa da sunanka. Komai ni zan yi, ba abin da zai taɓa ka."

Yaya yake ce masa, alhali ranar da ba ya neman komai, da kyar yake miƙa masa yatsu uku.

Babban ya ce to. Shi ai kullum to ne. Can sai na ji ya ce, da ƙaramar murya, wai wani abokin aikinsa ya ce jirgi ma ana yi masa inshora, wadda muke ce wa ta'amin a nan, saboda ko za a yi karo da wani a ruwa. Surukina ya yi dariya, irin dariyar da yake yi ta hanci.

"Jirgin da zai fita ranar hutu kaɗai? In yi ta ciyar da kamfani shekara guda yana ɗaure a gaɓa? Teku fa ba titi ba ne, Yaya, fili ne, wa za ka kaɗe? Malamai ma sun yi magana a kan abin nan. Mu dogara ga Allah."

Na ajiye ludayi. Ni ban shiga aji ba, amma na san ta'amin. Ɗan maƙwabciyata ya taɓa murƙushe motar wani a bakin kasuwa, kamfani ya gyara, yaro ya kwana a gidan uwarsa. Kuma na san motar surukina na da ita, lafiyarsa na da ita, wayar hannunsa ma 'yata ta taɓa gaya mini yana biya mata wani abu ko za ta faɗi ta fashe. Dogaro ga Allah bai tashi zuwa masa ba sai a wurin da sunan wani yake.

Da suka tashi tafiya na ja 'yata gefe na ce, "Ki tambayi mijinki, abin nan da zai saya, in ya yi ɓarna wa za a kama?"

Ta ba ni amsa da Larabci, kamar yadda take yi in ba ta son magana ta yi nisa. "Halas, Ummi, ya san abin da yake yi. Mutum ne mai ilimi."

Iyakar abin da kunya ta ba ni damar yi ke nan, na kuma yi shi.

Sau ɗaya suka kai ni na ga jirgin. Tafiya ce mai nisa a mota, ƙafafuna suka kumbura kafin mu isa. Fari ne fat, da kujeru masu laushi da rumfa, yana ta rawa a bakin ruwa, yana warin fetur. Aka ce in shiga. Na ce ni kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan daga Katsina, ya haye teku sau ɗaya don Allah ya ce a zo, ba don wasa ba, ni kuma ba ni da abin da na manta a cikin ruwa. Na shimfiɗa darduma a inuwa na zauna. Daga nan nake hango yadda abin yake. Mai tabarau na zaune a kujerar tuƙi da hular turawa, abokansa na ɗaukar hoto. Wanda sunansa ke kan jirgin kuwa shi ne mai kwance igiya, shi ne mai ɗauko ƙanƙara, shi ne mai gasa kifi. Kifin ma, da na duba idonsa, ya kwana biyu da barin ruwa. A kasuwa suka saya.

Haka suka yi ta zuwa, har ranar da 'yata ta shigo gidana da rana tsaka ba sallama, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Da kyar na ciro maganar daga bakinta. Suna dawowa gaɓa da gudu suka hau kan kwalekwalen wani masunci. Kwalekwalen ya rabe, mutumin ya faɗa ruwa, farfelar injin jirgin ta same shi a ƙafa. Yana asibiti. Masu gadin teku sun zo, sun tambayi mai jirgi, sun tambayi wanda ke tuƙi, babban ya ce shi ne. Sun tsare shi.

Na ce, "Mijinki fa?"

"Yana gida. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, Ummi, ko abinci bai ci ba."

Na ce Allah ya ba shi lafiya.

Na je Yanbu a motar haya, ni da matar babban. Jami'in da ya karɓe mu a inda ake tsare da shi mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya yi mini bayani a hankali don ya ga tsohuwa ce. Ya ce, "Ya Hajja, akwai haƙƙin mutum a kansa. Jinyar masuncin, da kwalekwalensa, da zaman da zai yi ba sana'a. Da jirgin na da ta'amin, kamfani ne zai tsaya a kan wannan, ɗanki ya koma gida a ci gaba da magana yana waje. Yanzu kuwa ba kowa a bayansa. Sai an biya mutumin ya sa hannu ya yafe, ko kotu ta yanke."

Aka fito mini da shi. Gemunsa ya fito, akwai furfurar da ban san da ita ba. Matarsa na kuka, ni ina kallon bango. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa, na ce an ba ka abinci? Ya ce ana bayarwa. Na ce to. Abin da na iya faɗa ke nan, kuma duk wadda ta haifi ɗan fari a gidan mutunci ta san abin da ke cikin wannan to ɗin.

Daga nan na ce a kai ni asibiti in duba wanda aka ji wa rauni, don mu ba a haife mu a gidan da ake ɓarna a ɓuya ba. Dattijo ne ɗan garin, baƙi siriri, rana ta gama da fatarsa. An ɗaure ƙafar da ƙarafa an rataye. Na gaya masa ni ce uwar mai jirgin. Ya dube ni ya daɗe.

"Wanne ne ɗanki? Dogon da ya faɗo ruwa ya ciro ni?"

Na ce dogon ne.

"To ba shi ke tuƙi ba. Mai tabarau ne, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan riƙe da waya. Na yi ta ɗaga masa hannu."

Na ce me ya sa bai faɗa wa hukuma ba.

"Ya Hajja, ni ina ruwana da wanda za a rufe? 'Ya'yana da wannan kwalekwalen suke ci. Wanda zai mayar mini da shi, ya biya asibitin nan, shi nake nema. In kina so in faɗa, zan faɗa, ba na tsoron kowa."

Muka kama hanyar dawowa Madina. Matar babban ce ta ƙarasa mini sauran. Tun a cikin jirgin, mutumin na kwance jini na zuba, surukina ya kama hannun babban yana roƙo. Wai shi ba shi da lasisi, in aka rubuta shi ne za a kore shi daga aiki a soke iƙamarsa, a mayar da shi Najeriya, ƙanwarka da yara su shiga wani hali. Kai ɗan ƙasa ne, ba inda za a kai ka, kwana kaɗan ne zan fitar da kai.

Kwana kaɗan ɗin ya yi ta haihuwa. Zafi ya shigo, alhazai suka fara sauka, abokan aikin babban na ta lodi, shi yana zaune a ɗaki da mutanen da bai sani ba. Surukina kuwa duk Juma'a sai ya zo da kwalin lemo da dabino mai tsada, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Hajiya, barka da Juma'a. Ana nan ana kan magana. Mutanen ne suka tsawwala, so nake su sauko tukuna. A ƙara haƙuri."

Ni ina bayan labule ina cewa madalla, Allah ya yi albarka. Ya san ba zan ɗaga labulen ba. Da wannan ya dogara, ba da Allah ba. Na aika 'yata da magana ba sau ɗaya ba, kullum ta dawo da kuka, wai kuɗinsa duk suna cikin ginin da yake yi a Kano, wai in aka matsa masa zai faɗi. A bakin wata mai kitso na ji cewa a cikin watan nan ma an aika da tayil na bene na biyu. Ɗana na kwana a kan siminti, shi yana zaɓen launin tayil.

Mutanensu na da wata istiraha a bayan gari, gidan hutu ne da suke kamawa duk Juma'a bayan la'asar, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, duk 'yan Najeriya. Maza a ɗaki ɗaya, mata da yara a wancan ɓangaren. An sha gayyatata ban je ba. Ranar nan na yi wanka, na sa abayata ta zuwa biki, na shafa turaren da nake ɓoyo, na tare tasi ni kaɗai.

Ban bi ta ƙofar mata ba. Na tuɓe takalmina a cikin nasu, na tura ƙofar maza na yi sallama. An shimfiɗa leda, manyan faranta na shinkafa da rago, kowa ya naɗe hannun riga. Wani saurayi ya miƙe da sauri.

"Mama, ɓangaren mata ta can ne, bari in raka ki."

"Zauna, ɗana, ban ɓata ba. Tun ba a haifi ubanka ba nake yawo a garin nan."

Na ratsa su har farantin da surukina yake. Na zauna daf da shi, gwiwata na kusan taɓa tasa. Na ɗaga niƙabina. Na dube shi cikin ido, karo na farko tun ranar da aka ɗaura masa aure da 'yata. Ashe idanunsa ƙanana ne a bayan gilashin. Na yi bisimilla, na sa hannu a gabansa, na yago nama na kai baki, na tauna a hankali har na haɗiye. Loma ta tsaya masa a hannu. Wasu suka sunkuyar da kai, don duk wanda ya sha nonon Bahaushiya a ɗakin nan ya san abin da ya gani.

"Hajiya," in ji shi, "don Allah mu je waje."

"A waje muke tun da aka rufe shi. Yau a ciki za mu yi."

Wani dattijo mai farin gemu, malamin jami'a ne aka ce, ya gyara murya. "Hajiya, a yi haƙuri. Ko mene ne, a koma wajen iyali, mu da kanmu za mu zo mu same ki."

"Malam, kai ma ka hau jirgin?"

Ya ce sau ɗaya.

"Ka ci kifi?"

"Na ci."

"Wa ya gasa maka?"

Sai na kira sunan ɗana. Cikakken sunansa, da na ubansa, da ƙarfi, yadda za a ji har ɓangaren mata. Tun ranar da aka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakina ba, sai da na ji harshena ya yi nauyi. Na ce, shi ne ya gasa muku. Shi ne yake tsare a Yanbu a kan tuƙin da bai yi ba. Na faɗi komai, da sunan da aka ara, da wayar da ke hannu, da dattijon da ƙafarsa ke rataye. Na juya kan surukina.

"Dakta, ko ba Dakta ba, oho. Motarka ka yi mata ta'amin, wayarka ka yi mata. Jirgin da ka ɗora a wuyan ɗana ka ce a dogara ga Allah. To ni ce ta'amin ɗin da ka ƙi biya, ga ni na zo. Masuncin nan ya ce zai faɗi wanda ya gani a sitiyari. Ko ka je ka sallame shi ya sa hannu, ko ni in koma Yanbu in ce ya faɗa. In an kore ka, ka je ka kwana a benenka."

"Hajiya, 'yarki fa? Jikokinki fa?"

"Da ka tuna da su ka ajiye waya ka riƙe sitiyari da hannu biyu."

Wani daga can ƙarshen ɗaki ya saki dariya, ya mayar da ita tari. Na ji motsi a bakin ƙofa, na waiga, 'yata ce a tsaye da ƙaraminta a kafaɗa. Na ƙara loma ɗaya don kada a ce fushi ya hana ni ci, na wanke hannu a butar da saurayin nan ya kawo, na fita.

Abin da suka yi a bayana ban gani ba. An ce dattijon nan ya rufe ƙofa, suka daɗe a ciki. Abin da na sani, kafin wata Juma'ar motar surukina ta bar ƙofar gidansa, ginin Kano ya tsaya, abin da ya rage na jirgin ma an sayar wa masu gyara. Aka je asibiti da shaidu, masuncin ya karɓi haƙƙinsa ya sa hannu.

Da hantsi aka kawo babban gida. Ya rame, rigarsa na lilo a jikinsa. A wurin aiki an riga an sa wani a gurbinsa, suka ce ya jira bayan aikin hajji a gani. Ya yi wanka, matarsa ta kawo masa tuwo da miyar kuka, ya zauna a tsakar gida ya zuba wa kwanon ido. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ummi, an gaya mini abin da ya faru. Da kin bari, ai da ya biya a hankali. Yanzu kin raba ni da ƙanwata."

Na ce, "Ci abincinka, zai huce."

Ya ci. Ya cinye, aka ƙara masa, ya kwanta a nan kan tabarma barci ya ɗauke shi, 'ya'yansa na tsallake ƙafafunsa. Na sa aka kashe rediyo.

'Yata ba ta sake taka gidana ba. A Idi ta turo yaran da direban haya, suka gaishe ni da Larabci daga tsaye, na ba su alewa suka koma mota. Maƙwabta na ta cewa in aika a yi sulhu, wai ni ce babba. Ni ce babba, shi ya sa nake zaune a inda nake. Ta san hanyar Harra, a cikinta aka yanke mata cibi.